Hidimar Coci Ga Maƙwabta Da Ɗawainiyar Tsofaffin Iyaye A Unguwar Briqueterie Ta Birnin Yawunde

Tsakure

Takardar ta yi nazarin ɗawainiyar tsofaffin iyaye a Briqueterie, unguwar da mutanen Yawunde ke kira ta Hausawa, sannan ta auna gurbin da hidimar coci ga maƙwabta za ta iya samu a cikin wannan ɗawainiya. An dogara da rubuce-rubucen masana da dokokin Kamaru da abin da ke bayyane na zaman unguwar. Matsayin takardar shi ne, tsofaffin unguwar suna hannun iyalansu, kuma inda tsarin ke rauni shi ne wajen masu jinyar da suka gaji. Hidimar da ta tsallake mai jinya, ko ta haɗa taimako da wa'azi, iyakarta zaure.

1.0 Gabatarwa

Ƙidayar jama'a ta 2005 ta nuna Kamaru na da mutum miliyan 17 da ɗoriya, kuma waɗanda suka kai shekara 60 zuwa sama kimanin 5 ne cikin 100. Ƙanƙantar wannan kaso ta sa maganar tsufa ke zuwa a baya duk sa'ad da aka zauna tsara manufofin lafiya da walwala, sai an gama da yara da masu juna biyu da matasa marasa aikin yi. A cikin gida kuwa lissafin ya sha bamban. Tsoho ɗaya da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar yana iya tsayar da sana'ar mace ɗaya cak, ya cinye jarin ɗa ɗaya, ya fitar da jika ɗaya daga makaranta.

Manufar takardar ita ce amsa tambayoyi biyu. Wa ke ɗauke da nauyin tsoho a Briqueterie a zahiri? Kuma ta wace ƙofa ƙungiyoyin coci da ke kewaye da unguwar za su iya taimakawa ba tare da sun ɓata zaman maƙwabtaka ba? Abin da ake nufi da hidimar maƙwabta a nan shi ne ayyukan da mabiya coci ke fita yi a unguwanni, kamar gaida maras lafiya, kai abinci da sabulu, raka mutum asibiti da biyan kuɗin magani.

2.0 Bitar Ayyukan Magabata

Ayyukan da suka shafi wannan batu sun rabu gida uku, kuma da wuya a ga inda suka haɗu.

Kashi na farko ya dubi zango, wato unguwannin Hausawa a wajen ƙasar Hausa. Cohen (1969) ya nuna yadda Sabo ta Ibadan ta ginu a kan maigida da baƙinsa, inda masauki da amana da bashi ke tafiya tare. Adamu (1978) ya bi sawun fatake a Afirka ta Yamma, Schildkrout (1978) ta yi aiki a zangon Kumasi, Pellow (2002) kuma a Sabon Zango na Ankara ta ƙasar Gana. A Kamaru, Franqueville (1984) ya rubuta tarihin ginuwar Yawunde da unguwanninta, Adama (2004) ya yi bayanin Musulunci a ƙasar. Waɗannan ayyuka sun fi mayar da hankali ga ciniki da sarauta da addini. Ɗan kasuwa a ganiyar ƙarfinsa ne ake gani a cikinsu, ba a cika bin sa zuwa ranar da ƙafa ta gaza ba.

Kashi na biyu ya dubi tsufa. Ra'in zamanantarwa na Cowgill da Holmes (1972) ya ce birni da boko da aikin albashi suna rage darajar tsoho. Apt (1996) ta kawo wannan damuwa cikin mahallin Gana. Aboderin (2006) ta gwada wannan ra'i da ra'in ƙuncin abin hannu a Ankara, ta gano cewa idan samu ya yi kaɗan 'ya'ya kan fifita matansu da yaransu a kan iyaye, kuma sukan auna abin da mahaifi ya yi musu a baya kafin su saka. Van der Geest, a Kwahu-Tafo ta Gana, ya lura cewa dangi kan kashe wa gawa abin da ba su kashe wa maras lafiya ba. Wannan takarda ta fi karkata ga Aboderin, domin a Briqueterie ba a rasa girmama tsoho a baki da gaisuwa ba, abin da ake rasawa shi ne kuɗi da lokaci da wurin kwana.

Kashi na uku ya dubi hidimar mishan a cikin Musulmi. Cooper (2006) ta yi aiki a kan Kiristocin Maraɗi, Shankar (2014) kuma a kan Arewacin Nijeriya, inda asibitocin kutare suka zama babbar hanyar cuɗanyar mishan da Musulmi. Giɓin da takardar ke son shiga shi ne mahaɗar waɗannan kashi uku, wato tsufa a zango, a cikin birnin da Kiristoci suka fi yawa.

3.0 Hanyar Nazari

Nazarin na ɗakin karatu ne. An karanta ayyukan da aka ambata, da kundin tsarin mulkin Kamaru na 18 ga Janairun 1996, da dokokin fansho da na iyali, da takardun cocin Katolika da suka shafi Afirka. An ɗora su a kan abin da kowane mazaunin unguwar ke gani na tsarin gidaje da sana'o'i. Ba a kawo alƙaluman kai-tsaye daga gidaje ba, don haka misalan da za a gani siffanta yanayi ne da aka saba da shi, ba labarin wani gida takamaimai ba. Ma'aunin nazarin shi ne gida, ba mutum ɗaya ba, domin a gida ake yanke shawarar wa zai kwana da maras lafiya da wa zai biya.

4.0 Unguwar Da Mazaunanta

Briqueterie tana cikin ƙaramar hukumar Yawunde ta Biyu, tsakanin Tsinga da Messa da kasuwar Mokolo, ga kuma babban zauren wasanni na Warda, wanda Sin ta gina aka buɗe a 2009, a bakinta. 'Yan ƙasa Ewondo suna kiran wurin Ekoudou, sunan da ya shahara kuwa ya samo asali daga masana'antar bulo ta zamanin mulkin mallaka. Fatake Hausawa sun iso Yawunde tun zamanin Jamusawa, a ƙarshen ƙarni na 19, aka kuma tattara su a wannan wuri a shekarun 1930, lokacin Faransawa. A yau akwai Fulani da Barebari da Bamun da mutanen Nijar da Mali da Senegal, duk ana yi musu kuɗin goro a ce Hausawa, akwai kuma Kiristoci Beti da Bamileke da ke haya ko suke da gidajensu a cikin unguwar. An san ta da babban masallaci, da 'yan tsire, da shagunan atamfa da shadda, da teloli da masu aikin surfani.

Abu biyu a tsarin unguwar sun shafi tsoho kai tsaye. Na farko ƙasar ce. Yawunde birnin tuddai ne mai damina biyu a shekara, kuma da an bar bakin kwalta sai lunguna matsattsu masu gangara, da kwata a tsakiya, da jar ƙasa mai santsi. Tasi ba ya shiga. Idan za a kai tsohuwa asibiti, samari biyu ne za su ɗauko ta a kan kujerar roba, ɗaya a gaba ɗaya a baya, jikarta na biye da zani da takardun magani a leda, har a fito titi. Babban asibitin birnin ba shi da nisa, amma tazarar ɗaki zuwa titi ita ce ke sa a ɗage tafiya daga yau zuwa gobe.

Na biyu rashin ƙauyen komawa ne. Ma'aikaci Babeti ko Bamileke kan gina gida a ƙauyensu ya koma idan ƙarfi ya ƙare, inda akwai gona da dangi. Bahaushen da aka haifi kakansa a Briqueterie ba shi da wannan mafita. Kano ko Katsina ko Damagaram sunan asali ne da ake faɗa wa yara, ba wurin da aka tanadar masa ɗaki ba. Zai tsufa a gidan gado da aka riga aka yanyanka shi ɗaki-ɗaki tsakanin magada da 'yan haya. Rushe-rushen da hukumar birni ta yi a unguwanni da dama a ƙarshen shekarun 2000, zamanin Gilbert Tsimi Evouna, sun ƙara tsananta neman wurin kwana a tsakiyar birnin.

5.0 Wa Ke Ɗauke Da Tsoho?

5.1 Hukuma

A rubuce, tsoho ba shi da maraici. Gabatarwar kundin 1996 ta ɗora wa ƙasa kare iyali da tsofaffi. Sashe na 205 na dokar zamantakewa da aka gada daga Faransa ya wajabta wa 'ya'ya ciyar da iyayensu mabuƙata. Asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, CNPS, yana biyan fansho ga wanda ya kai shekara 60, ya yi shekara 20 da rajista, ya kuma zuba kuɗi na wata 180. Sai dai kusan 9 cikin 10 na masu aiki a Kamaru suna sana'o'in da ba su da rajista ne, kuma nan ne mai tsire da tela da dillali da mai tuyar ƙosai suke. An buɗe ƙofar inshorar sa-kai a 2014, amma wanda ya riga ya tsufa a lokacin ta wuce shi. Kashin farko na shirin kiwon lafiya ga kowa, wanda aka ƙaddamar a Afrilun 2023, ya fi karkata ga yara ƙanana da masu juna biyu da masu wankin ƙoda da wasu cututtuka ƙididdigaggu. Hawan jini da ciwon suga da ciwon gaɓoɓi, waɗanda su ne abokan tsufa, daga aljihun iyali ake biyan su.

5.2 Gida

Tunda hukuma ta tsaya a takarda, nauyin ya sauka a gida, kuma a gidan ma bai rabu daidai ba. Ɗa namiji ne ake ambata, shi ake tambaya jikin Baba a masallaci, shi ke biyan kuɗin awo da magani idan kasuwa ta yi. Amma wanda ke juya maras lafiya cikin dare don kada bayansa ya yi gyambo, ya wanke shimfiɗa, ya dama koko ya ba shi a baki cokali-cokali, kusan kullum mace ce: mata, ko 'ya, ko suruka, ko jikar da aka ce ta ɗan dakata da makaranta. Idan 'ya ce mai aure a wata unguwa, sai ta nemi izinin miji, ta raba kanta biyu. Idan suruka ce, ga kunyar surukuta da ke hana ta taɓa jikin uban mijinta, sai aikin ya koma kan tsohuwar matarsa, wadda ita ma ke neman mai riƙe ta.

Kunya kuma tana ɓoye buƙata. Gidan mutunci ba ya cewa ya gaza. Amsar "ya mai jiki?" ita ce "da sauƙi, alhamdu lillahi", ko da an kwana ba a runtsa ba. Kai mahaifi gidan tsofaffi kuwa abin gori ne da zai bi zuriya. Ayoyi na 23 da 24 na Suratul Isra'i, waɗanda suka yi umarni da kyautata wa iyaye idan sun manyanta, su ne ginshiƙin wannan ɗabi'a, kuma ita ta hana a yasar da tsofaffi. Sai dai al'ada ta fassara umarnin ta hanyar da ke sa mai jinya jin neman agaji kamar saɓo ne.

Taimakon unguwa yana nan. Ana zuwa dubiya da lemo da ɗan abin sayen magani, mata suna adashi, ana yekuwa a masallaci, masu hali na fitar da zakka, musamman a watan azumi. Rauninsa shi ne yana zuwa kamar guguwa, ya yi yawa a makon farko na ciwo da ranar rasuwa, ya ɗauke a watanni masu tsawo na tsakiya. Jana'izar Musulmi ba ta cin dukiya irin wadda Van der Geest ya gani, amma taron da ke cika lungu ranar sadakar uku bai san hanyar ɗakin ba a wata na takwas na jinya.

Akwai rukuni biyu da ko wannan bai kai gare su ba. Ɗaya shi ne tsohon da ya zo ci-rani da ƙuruciya ya sauka a zauren maigida, bai yi iyali a nan ba, maigidan ya rasu, magada kuma ba su gaji alkawarin ba. Ɗayan ita ce matar da ba ta haihu ba, mijinta ya rasu, aka raba gida.

6.0 Hidimar Coci

6.1 Abin Da Take Da Shi

Cocin Katolika ta kafu a Yawunde tun 1901, da mishan ɗin Mvolyé. Ikilisiyoyi irin su Christ-Roi ta Tsinga da Sacré-Cœur ta Mokolo suna maƙwabtaka da Briqueterie, ga kuma majami'un Furotesta da na Fentikos. A ranar 14 ga Satumban 1995, a nan Yawunde, Fafaroma John Paul na Biyu ya sa hannu a takardar Ecclesia in Africa, wadda ta siffanta coci a matsayin iyalin Allah, ta kuma ƙarfafa ƙananan jama'o'in unguwa. Waɗannan jama'o'i kan haɗa gidaje maƙwabtan juna, su yi taro a gidan ɗayansu, su san wanda ke kwance da wanda aka yi wa rasuwa. Ga ƙungiyoyin mata, ga ƙungiyar Saint Vincent de Paul da aka kafa a Faris a 1833 a kan ziyarar matalauta a gidajensu, ga jama'ar Sant'Egidio da ta yi suna wajen abota da tsofaffi. A gefen birnin akwai gidan Béthanie-Viacam na Nkolmesseng, mai karɓar tsofaffin da aka yasar, kuma a kudancin ƙasar zargin maita na cikin abubuwan da ke raba tsoho da danginsa.

Babban jarin coci a wannan fage tsari ne, ya fi kuɗi muhimmanci. Akwai ranar ziyara, akwai waɗanda aka naɗa, akwai littafin da ake rubuta suna, akwai ma'aji mai karanta lissafi. Mata biyu ko uku sanye da zanin ƙungiya za su shigo da sabulu da shinkafa da ɗan mai, su share ɗaki, su zauna hira, su dawo mako mai zuwa ko an kira su ko ba a kira ba. Wannan dawowar ce zumuncin unguwa ke rasawa a tsakiyar jinya. Ga tsoho Kirista mazaunin Briqueterie, wanda 'ya'yansa ke Duwala ko Turai, jama'ar unguwa kan zama danginsa na kusa, kuma sau da yawa maƙwabciya Musulma ce ke fara jin tarinsa ta bango ta aika a kira su.

6.2 Inda Take Cin Karo

Shiga gidan Musulmi magana ce dabam. Gida yana da zaure, kuma namiji baƙo ba ya wuce shi sai da izini. Wanda ya shigo da kaya a hannu tsakar rana, idon maƙwabta na kansa, ya tona asirin da gidan ya daɗe yana rufewa. Ɗan da ke shago zai ji labari kafin la'asar, kuma abin da zai ji shi ne an ce ya kasa riƙe uwarsa. Rubuta suna a littafi ma yana da nasa nauyi, domin tun da Kamaru ta shiga yaƙi da Boko Haram a 2014, unguwannin Musulmi a kudu suka ƙara taka-tsantsan da baƙon da ke tambaya yana rubutawa.

Mafi girman cikas shi ne zargin cewa taimakon ƙugiya ce. Tarihin da Cooper da Shankar suka rubuta ya nuna dalili. Musulmi sun daɗe suna zuwa asibitin mishan, kamar na Galmi a Nijar da aka buɗe a 1950, suna kuma yaba aikinsa, amma inda magani ya zama sharaɗin sauraron wa'azi, amana kan yi rauni. Tarzomar Maraɗi ta Nuwamban 2000, wadda aka kai wa wata coci hari a cikinta, ta nuna yadda zaman shekaru ke iya lalacewa a yini ɗaya. Tsoho a kan gadon jinya ba ya cikin halin gardama, kuma iyalinsa sun fi tsoron a taɓa imaninsa a ƙarshen rayuwa fiye da tsoron yunwa. Yi masa wa'azi a wannan hali cin amanar rauni ne, kuma hukuncin ɗaya ne idan Musulmi ya yi wa tsoho Kirista haka. Cocin kanta tana da misalin wata hanya a tarihinta: Fada Simon Mpeke, wanda aka fi sani da Baba Simon, ya zauna da mutanen Tokombéré, a arewacin Kamaru, har kusan rasuwarsa a 1975, kuma zama da mutane da girmama abin da suka riƙa shi ya sa aka yarda da shi.

7.0 Ƙofar Da Ke Buɗe

Harsashin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi yana nan. Doka ta girmama uba da uwa tana cikin Fitowa 20:12, kuma haƙƙin maƙwabci a Musulunci bai tsaya kan Musulmi kaɗai ba. Shugabanni sun sha zama tare, ciki har da ganawar Fafaroma Benedict na 16 da wakilan Musulmin Kamaru a Yawunde ranar 19 ga Maris 2009. Abin da ya rage shi ne a sauko da wannan fahimta daga zauren taro zuwa lungu.

Nazarin ya nuna hidimar za ta fi karɓuwa idan ta nufi mai jinya. Awa uku da wata mata za ta zauna da tsohuwa don 'yarta ta je kasuwa ko ta yi barci sun fi buhun shinkafa amfani, kuma ba sa zubar da mutuncin kowa. Haka aron keken guragu da sandar dogarawa da na'urar awon jini, da koya wa mata yadda ake juya maras lafiya da yi masa wanka, aikin da ma'aikatan jinya na coci da na Musulmi za su iya yi tare a makaranta ko ofishin ƙaramar hukuma. Mace ta shiga wurin mace, namiji ya tsaya wurin namiji, a kuma bi ta hannun mai unguwa da liman kafin a ƙwanƙwasa ƙofa. Addu'a a bar wa kowa tasa.

Ɗaya ɓangaren ya rataya a wuyan Musulmin unguwar. Babu abin da ya hana kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin matan Islamiyya su ari tsarin ranar ziyara da ma'aji da lissafi, su kuma ware wani kaso na zakka da sadaka don maganin wata-wata maimakon rabon rana ɗaya. Tsohon ɗan ci-rani da matar da ba ta haihu ba su ya kamata a fara da su, tunda ba su da ɗan da zai ji kunya, ba su kuma da wanda zai nema musu.

Duk wannan ba ya sauke wa hukuma nauyinta. Coci da masallaci ba za su iya biyan fansho ba, kuma muddin maganin hawan jini da na suga bai shiga shirin kiwon lafiya ga kowa ba, matan gida ne za su ci gaba da biyan kuɗin da sana'arsu da karatunsu. Ana kira ga majalisun ikilisiyoyin Tsinga da Mokolo, da limaman Briqueterie, da hukumar Yawunde ta Biyu, su zauna su fara da aiki ɗaya mai sauƙi: a san gidajen da ke da tsoho a kwance, a kuma san macen da ke kwana a gefensa, domin ita za a fara kai wa agaji.